BABI NA UKU: TATTARA KATANTANWAR DUTSE DA MUHIMMANCINTA GA ILIMI

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin yanayin ƙasar Zazzau da ire-iren duwatsunta. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin kawo bayani a kan burbushin wata halittar teku da masana ke kira amonait, da wuraren da ake samun ta, da yadda ya kamata a tattara ta. Domin sauƙaƙawa, a wannan nazari an kira ta katantanwar dutse.

3.1 Ma'anar Katantanwar Dutse

Amonait halitta ce da ta rayu a cikin teku, tana da ɓawo naɗaɗɗe kamar ƙahon rago. Duk da kamar da ta yi da dodon-koɗi, ba danginsa ba ce, domin cikin ɓawonta a rarrabe yake ɗaki-ɗaki. Dabbar takan zauna a ɗakin ƙarshe, sauran kuwa su taimaka mata wajen yin sama ko nutsewa a ruwa. Masana sun nuna cewa zuriyarta ta bayyana kimanin shekara miliyan 400 da suka wuce, ta kuma ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce. Idan ta mutu, laka kan binne ɓawon ta cika shi, bayan lokaci mai tsawo sai ya daskare ya zama dutse.

3.2 Wuraren da Ake Samun Ta

Mai neman katantanwar dutse a Dutsen Abba ko Kufena zai sha wahalar banza. Dalili kuwa shi ne, ƙasar Zariya tana zaune ne a kan tsofaffin duwatsun tushe waɗanda zafin cikin ƙasa ya samar ko ya sauya, tun kafin a yi wannan halitta. Sai a duwatsun da suka samu daga taruwar laka da yashi a ƙarƙashin ruwa ake dacewa da ita.

Irin waɗannan duwatsu suna nan a kwarin Gongola, musamman Pindiga da mahaƙar kamfanin siminti na Ashaka a Jihar Gombe. Haka nan akwai su a Dukamaje ta ƙasar Sakkwato, da yankin Damargu a Jamhuriyar Nijar. Tun a littafin Falconer (1911) aka fara bayanin waɗanda aka tsinto a Arewacin Nijeriya, sannan Reyment da Barber suka faɗaɗa aikin a shekarun 1950. Wasu jinsunan ma sunayen wurarenmu suka ci, kamar Gombeoceras da Bauchioceras da Nigericeras.

3.3 Muhimmancinta ga Ilimi

Da farko, tana bayyana shekarun dutse. Jinsunanta sun riƙa sauyawa da sauri, wani ya ɓace wani ya maye gurbinsa, kuma kowanne yakan bazu a tekuna da dama. Saboda haka idan aka sami jinsi ɗaya a wata shimfiɗar dutse a Ashaka, aka kuma same shi a Tunisiya, to an san cewa shimfiɗun biyu sa'o'in juna ne.

Na biyu, shaida ce ta tarihin ƙasa. Tun da a ruwan gishiri kaɗai ta rayu, samun ta a Gombe da Damargu ya tabbatar da cewa kimanin shekara miliyan 94 da suka wuce teku ya ratsa inda Sahara take a yau. Kamannin da ke tsakanin jinsunan Nijeriya da na Afirka ta Arewa na daga cikin hujjojin da masana suka dogara da su a kan haka.

Na uku, masu binciken man fetur da dutsen siminti suna buƙatar sanin jerin shimfiɗun ƙasa, wace ce ta riga wace. Katantanwar dutse na cikin abubuwan da aka yi amfani da su wajen tsara wannan jeri.

3.4 Yadda Ake Tattara Ta

Kayan aikin ba su da yawa: guduma, da kurfi, da takardar naɗewa, da littafin rubutu. Sai dai abin lura shi ne, darajar katantanwar ba a kyanta take ba, a sanin inda aka ciro ta take. Wajibi ne mai tattarawa ya rubuta sunan wurin, da shimfiɗar da ya same ta, da kwanan wata, ya kuma sa mata lamba. Wadda aka tsinta a gangare bayan ruwa ya gangaro da ita ba ta kai wadda aka ciro daga mazauninta ba. Wadda kuwa aka ɗauka ba tare da wani bayani ba, ta zama abin ado kawai, domin ba mai iya mayar da ita inda ta fito.

Har ila yau, ya kamata a nemi izinin mai unguwa ko masu mahaƙa kafin a fara tono, a kuma miƙa abin da aka samu ga Sashen Nazarin Ƙasa da Duwatsu na jami'a, kamar na Jami'ar Ahmadu Bello, domin adanawa. A mahaƙar siminti abin na buƙatar hanzari, saboda duk wadda ba a tsame ba, injin niƙa ne makomarta.

3.5 Naɗewa

A taƙaice, wannan babi ya nuna cewa katantanwar dutse tana bayyana shekarun duwatsu da tarihin tekun da ya taɓa rufe wani sashe na Arewa, matuƙar an tattara ta bisa ƙa'ida. A babi na gaba za a duba kalmomin da Hausa ke buƙata domin koyar da wannan fanni.