Ba Kowane Kwatanci Ne Ke Neman "Than" Ba

A ajujuwan shirin jarrabawar WAEC da NECO da JAMB akwai wata ƙa'ida da ɗalibai suka riƙe hannu bibbiyu: duk inda aka kwatanta abu biyu a Turanci, "than" ce za ta biyo baya. Masu wannan ra'ayi ba da ka suke magana ba. "Taller than", "more careful than", "better than", duk daidai ne, kuma akasarin kwatanci haka yake tafiya. Malamin da ya koyar da ita sauƙi yake nema wa yaransa.

Sai dai ƙa'idar tana da iyaka, kuma a bakin iyakar nan ne masu tsara tambayoyi ke ɗana tarko.

Mu duba "senior", "junior", "superior" da "inferior". Daga Latin Turanci ya aro su, inda ɗafin "-ior" shi ne alamar fifiko, kuma ba su bi tsarin "-er" da "than" ba. Da "to" suke tafiya: "She is senior to me", "This cloth is superior to that one". Haka ma aikatau "prefer" idan an jera sunaye biyu: "I prefer rice to yam". Shi kuwa "more superior" maimaici ne kawai, ɗan'uwan "more better", domin kalmar ta riga ta ɗauki fifikon a jikinta.

Za a ce ai kullum ana jin "senior than" a ofis da makaranta, har daga bakin masu digiri. Ana ji, ba musu, kuma mai sauraro yana ganewa. Amma daidaitaccen Turanci jarrabawa take aunawa, ba abin da kunne ya saba da shi ba. A JAMB ma kwamfuta ce a gabanka, ga zaɓi huɗu, A zuwa D, babu wanda za ka yi wa bayani. Abin takaici ne yaron da ya kwana yana karatu ya rasa maki a kan wannan.

Akwai kuma kwatancin da babu "than" a cikinsa ko kaɗan. Idan an ware mutum biyu, "the taller of the two" ake cewa. Idan tsayinsu ɗaya, "as tall as". Idan abu yana ƙaruwa tare da wani, sai "The more you read, the better you write". Saboda haka, ɗan'uwa, kafin ka zaɓi amsa, fara duba kalmar da ta gabaci gurbin: in "senior" ce ko "inferior", nemi "to".