Idan Rauta Ta Hana Kwamfuta Intanet

Makon jiya ƙanwata ta aiko a kira ni, na tarad da ita tana kuka. Washegari ne za a rufe karɓar takardun neman shiga kwaleji, ga shi kwamfutarta ta ƙi shiga intanet. Kafin in iso har ta ɗauki tsinken tsintsiya ta soka cikin ɗan ramin nan na bayan rauta, watau akwatin da ke raba intanet cikin gida ba tare da waya ba. To, wannan rami na shafewa ne. In an danna shi aka riƙe kamar daƙiƙa 10, sai rauta ta mance sunan da aka sa mata duk da kalmar sirri, ta koma kamar ranar da aka sayo ta.

Abin da ya kamata ta fara yi shi ne ta gane inda ciwon yake, gama wuri uku ne: ko kwamfuta, ko rauta, ko kamfanin da ke sayar da intanet ɗin. Ki ɗauki wayarki, ki kashe datarta, ki haɗa ta da rautar. In waya ta buɗe shafi, lalle laifin kwamfuta ne. Duba ko yara sun danna alamar jirgin sama, wadda ke kashe Wi-Fi. In ba haka ba ne, sa kwamfuta ta mance sunan rautar, kana ki sake zaɓensa ki rubuta kalmar sirri a tsanake, domin babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne wurinta. Dubi agogonta kuma. Tsohuwar kwamfuta takan ɓata kwanan wata, shafuka su yi ta ƙin buɗewa.

In kuwa waya ma ta ƙi, sai ki zare rautar daga wuta, ki ƙirga talatin, ki mayar, sa'an nan ki ba ta minti biyu ta farfaɗo. Wannan ba ya shafe kome, kuma sau da yawa shi ke nan, musamman bayan an ɗauke wuta an kawo. Taɓa ta ki ji. In ta yi zafi, ɗauke mata ƙyallen adon nan da muke son lulluɓe kome da shi, ita ma tana bukatar iska. Kada a ɓoye ta cikin kabad ko bayan firji, a ɗora ta bisa, tsakiyar gida.

Rautoci da yawa suna nuna suna biyu, ɗaya mai 2.4, ɗaya mai 5. Mai 5 ya fi sauri amma bango na raunana shi, wasu tsofaffin kwamfutoci ma ba sa ganinsa sam. Mai ɗaki a ƙuryar gida ta zaɓi 2.4.

Ƙanwata fa? Muka kifa rautar, muka sami suna da kalmar sirri na asali rubuce a takardar da ke manne ƙarƙashinta. Kwamfuta ta haɗu, amma fitilar intanet na nan ja. Ashe data ce ta ƙare tun da hantsi! Maigidana ya saya mata, ta aika takardarta kafin sallar isha'i.