Rawanin Rana Da Ƙarar Da Yake Aikowa Duniya

Da yawa daga masu karatunmu na Totsi ba su manta da safiyar Laraba, 29 ga Maris, 2006 ba, lokacin da aka yi husufin rana. Inuwar wata ta ratsa Ghana, ta bi ta Atakpame a nan Togo, ta wuce Katsina da Maraɗi. Inda duhun ya cika, an ga wani farin haske ya kewaye rana kamar rawani. Masana suna kiransa korona, wato kambi.

Wannan rawani iska ce mai tsananin zafi. Zafin fuskar rana kusan digiri 5,500 ne, amma na rawanin ya haura miliyan ɗaya. Sai dai haskensa ba ya da ƙarfi, hasken rana yakan danne shi, ga shi cikakken husufi ba ya wuce 'yan mintoci. To, yaya ake binciken sa? Wata hanya ita ce saurare.

A watan Fabrairu 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, wata ƙara ta dame na'urorin Ingila masu hango jiragen sama. An zaci aikin Jamusawa ne, sai James Hey ya gano daga rana take fitowa. A 1950 kuma Paul Wild na Ostareliya ya kasa irin wannan ƙara gida uku.

Ga yadda abin yake. Idan wani wuri a rana ya yi bindiga, yakan harbo ƙananan ƙwayoyin lantarki su keta rawanin. Kusa da rana, inda iskar take da kauri, ƙarar takan fito a mita mai yawa. Suna yin nisa, iskar tana raguwa, mitar tana sauka, kamar yadda kalangu yake sauke murya idan aka sassauta tsarkiya. Da wannan saukar ake auna kaurin rawanin hawa-hawa.

Kada a ce ina ruwanmu. Ƙarar tana iso mu cikin minti 8, kuma ta ranar 6 ga Disamba, 2006 ta rikita na'urorin GPS masu nuna wa jirage hanya. Irin wannan bindiga takan kuma ɗauke tashoshin gajeren zango da rana tsaka. Idan hakan ta faru, a ɗan jira kafin a ruga wurin mai gyara.

Allah Ya ƙara mana sani.