Haske Shi Ne Rabin Hoto: Shawara Ga Malamai Masu Ɗaukar Fim

Kwanakin baya aka gayyace mu wata makaranta a Sabon Garin Zariya domin mu ga fim ɗin darasin tsabta da malamanta suka ɗauka. Sun kashe kuɗi, yara kuma sun yi ƙoƙari, amma da aka haska sai muka ga fuskar malamin ta yi duhu ƙirin, farar rigarsa kuwa ta koma kore-kore. Suka ce laifin kyamara ne. Alhali kuwa kyamara lafiyarta lau, hasken ne ba a san kansa ba. Sun tsayar da shi ya ba taga baya, ga kuma doguwar fitilar ofis bisa kansa.

Tun zamanin majigi mutanenmu suka san amfanin fim wajen koyarwa. Tun daga 1990 kuma, da aka yi Turmin Danya a Kano, bidiyo ya sauƙaƙa aikin. To, amma sauƙin ɗauka bai kawar da bukatar sanin haske ba.

Abu na farko shi ne faɗin hasken. Akwai fitila mai tsukakken haske, wadda ke tara shi wuri guda, ta fid da inuwa mai kaifi. Akwai kuma mai bazazzen haske, wadda ke game ɗaki duka. Wata kuwa tana yin aikin biyun, watau mai gilashin Firenel, wanda wani Bafaranshe mai wannan suna ya ƙago wajen 1822 domin hasumiyar jiragen ruwa. In an matso da ƙwanta kusa da gilashin sai haske ya bazu, in an ja shi baya sai ya tsuke. Ga fuskar mai magana, haske mai laushi ya fi. In fitilar ta yi kaifi, a juya ta ga farin bango, hasken ya dawo a hankali. A tuna kuma, in an ninka nisan fitila sau biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na haskenta kaɗai ke isa ga mutum.

Abu na biyu shi ne launi. Idon ɗan Adam yakan ga kowane haske fari, amma kyamara ba ta yafewa. Ana auna launin haske da ma'aunin Kelbin. Fitilar fim mai zaren wuta tana ba da 3,200, mai ja-ja ke nan, hasken rana kuwa wajen 5,600, mai shuɗi-shuɗi. In biyun suka haɗu a ɗaki guda, sai rabin fuska ya yi ja, rabi shuɗi. Maganinsa wata leda mai launi ce da masu sana'ar ke kira jel. Shuɗiya ana sa ta gaban fitila ta daidaita da rana, sai dai tana cinye fiye da rabin hasken. Mai ruwan goro ana manna ta a taga, rana ta daidaita da fitila. Mai ruwan hoda kuwa ita ke kashe koren doguwar fitila.

Lalle mu ja kunnen malamai, kada a ɗora ledar kasuwa a kan fitila mai zafi. Narkewa za ta yi, ta yiwu ma ta kama wuta cikin aji cike da yara. Araha ba ta ado.

Wanda ke son ya ga yadda wuri ke juya haske, ya tafi Samaru. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, ta gina dandalin wasan kwaikwayo na ƙasa a tsakiyar shekarun 1970, bisa fasalin gidan Bahaushe, Steven Ehrlich ne ya zana shi. Jan bango irin wannan shanye haske yake yi, abin da ya mayar kuma ja-ja ne. Saboda haka fitilar da ta ishi aji mai farar ƙasa ba za ta ishi zauren ƙasa ba.

Yanzu fitilun LED sun yawaita. Ba su cin wuta da yawa, ba su zafi ainun, waɗansu ma ana murɗa su daga 3,200 zuwa 5,600 ba tare da jel ba. Amma kafin a saya a kasuwar Sabon Gari, a ce wa mai kanti ya kunna, a ɗauki fuskar mutum da farin kyalle a duba, domin gani ya kori ji. Tun da wutar ƙasarmu tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, a sa kyamara ta ɗauki hoto 25 a daƙiƙa, don kada hasken ya riƙa ƙyaftawa.

Muna roƙon shugabannin makarantu da akawunan da ke rubuta odar kaya su sa fitila da jel cikin lissafi tun da fari. Yaron da bai ga bakin malaminsa ba, da wuya ya riƙe abin da ya faɗa.