Saniyar da ba ta san allura ba, amma magani ya ƙi ci

A damanar bara wani makiyayi a yankin Dakoro ya kira ni in duba saniyarsa mai ciwon hantsa. Hantsar ta kumbura, nonon ya yi gudaji. Na yi mata allurar oksitetrasiklin yadda ya kamata, kwana uku babu sauƙi. Sai ya ce: "Likita, saniyar nan tun haihuwarta ba ta san allura ba. Ina ta saba da magani?"

Ƴan uwa makiyaya, ba saniya ce ke sabawa da magani ba, ƙwayar cutar ce, wato bakteriya. Kuma bakteriya tana iya samun wannan taurin kai ko ba ta taɓa haɗuwa da maganin ba.

Ga ɗaya daga cikin hanyoyin. Bakteriya ma tana da nata maƙiyi, wani birus ƙanƙane da ake kira faj. Ba ya kama mutum ko dabba, bakteriya kawai yake ci. Yana nan cikin kashin shanu, cikin ruwan tafki, cikin taɓon bakin rijiya. Idan ya manne wa bakteriya sai ya zuba mata zaren gadonsa, ya sa ta ƙera masa ƴaƴa masu yawa, daga baya ta fashe su fito. To, wajen ƙerawar nan akan yi kuskure jefi-jefi: ɗan faj ya ɗauko guntun gadon bakteriyar maimakon nasa. In guntun nan shi ne mai sirrin jure magani, duk bakteriyar da ya faɗa wa gaba ta gaji sirrin, ba ta mutu ba, kuma ta ba ƴaƴanta. A shekarar 1952 aka gano haka a Amurka, cikin bakteriyar Salmonella. Masu binciken su ne Joshua Lederberg da ɗalibinsa Norton Zinder. Sunan ne kawai ya zo ɗaya da Zinder tamu. Stafilokok, wadda ke yawan kawo ciwon hantsa, tana cikin masu musayar gado ta wannan hanya.

Kuskuren faj ba ya yawa. Mu ne ke ba shi riba. Idan aka sayi kafso a kasuwa aka fasa wa dabba, ko aka yi rabin allura aka tsaya don ta fara cin ciyawa, masu rauni ne ke mutuwa, mai sirrin ta samu fili ta hayayyafa. Daga nan hannun mai tatsa ya kai ta hantsar da ba ta san allura ba.

Saniyar Dakoro sai da na aika nononta dakin bincike aka gwada, muka canza magani. Na ce a riƙa tatsar ta daga ƙarshe, a wanke hannu da sabulu, nononta kuma a zubar har kwanakin da aka rubuta a jikin kwalbar su cika. Zubar da nonon ne ya fi yi wa uwargidansa ciwo.