Ko Ka Sani? Kifin da Ke Sallamar Baƙo Kafin Ɗan Gida

A Bahar Maliya, tekun da alhazanmu ke hangowa idan jirgi ya kusa sauka Jidda, akwai wani ɗan kifi mai suna Labroides dimidiatus. Tsawonsa ba ya wuce santimita 14, kuma baƙin zane ya ratsa jikinsa daga baki har wutsiya. Sana'arsa tsince ƙananan ƙwarin da ke manne wa manyan kifaye suna shan jininsu. Yana da wurin zama guda a cikin duwatsun murjani, kifaye na zuwa su tsaya cik, su buɗe baki, ya shiga ya gama aikinsa ya fito lafiya. Alexandra Grutter ta Jami'ar Queensland a Ostareliya ta gano cewa guda ɗaya kan duba kifi sama da 2,000 a yini, ya cinye ƙwari kimanin 1,200.

To idan biyu suka iso a lokaci guda, wa zai fara yi wa?

Redouan Bshary na Jami'ar Neuchâtel a Suwizalan ya daɗe yana nutso a Ras Muhammad, ƙarshen Sina'i ta kudu, yana bin wannan tambaya. Ya lura masu zuwa iri biyu ne. Akwai 'yan gida, waɗanda yawonsu bai wuce 'yar unguwarsu ba, mai tsince musu ƙwari guda ɗaya suke iya kai wa. Akwai kuma baƙi masu dogon zango, da ke ratsa wurare da dama a yini. Baƙon ake fara sallama. Idan aka bar shi yana jira, tafiyarsa zai yi, kuma da wuya ya dawo nan kusa. Ɗan gida kuwa ko ya gaji da tsayuwa ba shi da inda za shi. Duk wanda ya san Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ya san wannan lissafi: ɗan kasuwar da ya taso daga Maraɗi da kuɗinsa a hannu shi ake fara zube wa atamfa, maƙwabci kuwa sai a ce masa, "Alhaji, zauna, ina zuwa."

Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne, ƙwarin nan ba su ne abincin da ya fi so ba. Ya fi son yauƙin da ke lulluɓe da jikin kifi, alhali yauƙin ne ke kare mai shi daga cuta. Saboda haka yakan saci cizo. Ɗan gida idan ya ji zafi sai ya bi shi da gudu, baƙo kuma sai ya ƙara gaba. Kifaye masu cin 'yan'uwansu kuwa kusan ba ya taɓa yi musu wannan ha'inci, sai ma ya yi ta shafa musu jiki da fikafikansa. Kuma idan ya ga wani kifi na kallo daga gefe yakan rage cizon, domin mai kallon ya fi kusantar wanda ya ga bai cuci na gabansa ba.

An jarraba wannan basira ta fara sallamar baƙo a ɗakin gwaji. Akan ajiye faranti biyu masu abinci iri ɗaya, daidai wa daida. Ɗaya yana nan komai daɗewa, ɗayan kuma ana janye shi da zarar an fara da wancan. Mai wayo zai fara da mai gudu, ya samu duka biyun. A binciken da aka wallafa a 2012, manyan masu tsince ƙwarin nan sun riga chimfanzi da orangutan gane dabarar. Ƙananan masu tsince ƙwarin ba su gane ba, alamar cewa zama da mu'amala ne ke koyar da ita.

Kuma tana iya dusashewa. A tsibirin Lizard na Ostareliya, guguwar teku ta 2014 da ta 2015 da zafin ruwan 2016 sun lalata murjani, yawan waɗannan kifaye ya ragu da kusan kashi 80 cikin 100. Da aka sake gwajin faranti, mafi yawan waɗanda suka saura ba su fifita mai gudu ba. Bayanin da masu binciken suka bayar shi ne, masu tsince ƙwari sun yi ƙaranci har baƙon ma ya koma jira, tunda ko ya tafi ba lallai ya tarar da wani a gaba ba.