Zaƙi a Bakin Yara: Uwa Ake Zagi, Amma Wa Ya Sayo Kwalbar?

Binciken lafiya da yawan jama'a na Najeriya na 2023 zuwa 2024 ya fito da alƙaluma biyu da ya kamata a karanta su tare. Na farko an yi ta maganarsa a rediyo: kashi 40 cikin ɗari na yara 'yan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, tsayinsu bai kai na shekarunsu ba, kuma Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi tsoka. Na biyu ya wuce ba wanda ya tanka masa: cikin yara masu wata 6 zuwa 23, kimanin kashi 41 sun sha wani abu mai zaƙi a ranar da ta gabaci zuwan masu binciken, alhali waɗanda suka samu abinci iri-iri daidai mafi ƙarancin abin da ake bukata kashi 12 ne kacal. Yaron da bai ga ƙwai ko wake ko ganye ba a yininsa, sukari bai ɓace masa ba.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne yadda muke magance wannan matsala. Duk ƙoƙarinmu ya ƙare a harara. A gidan biki a ga wata ta ɗura wa ɗanta lemo a fida, sai a taɓa juna, a taɓe baki. Wani ya ɗauki bidiyon jaririn da ke lasar bakin kwalba ya sa a TikTok ko Facebook, jama'a su yi wa uwar ca: jahila, malalaciya, iyayen zamani. An zage ta, an watse, gobe yaron ya sake sha. Shan zaƙin illa ne, ba ni da ja a kan wannan. Zagin ne ba ya rage ko cokali ɗaya, domin wadda ake zagi sau da yawa ba ita ke da ta cewa ba.

Illar ba ta bukatar dogon bayani. Kwalbar Coca-Cola mai santilita 35 tana ɗauke da sukari kusan giram 37, wato cokalin shayi tara. Tun 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kashi 10 na ƙarfin da mutum ke samu daga abinci a yini, wanda ga yaro ɗan shekara biyu bai fi giram 25 ba. A 2023 kuma ta fito ƙarara ta ce 'yan wata 6 zuwa 23 kada a ba su abin sha mai sukari ko kaɗan. A Turai da Amurka ƙiba ce abin tsoronsu. Mu a nan ƙibar yara ba ta kai ta kawo ba, abin da ke cinmu daban ne. Cikin yaro ɗan shekara ɗaya ba ya ɗaukar abin da ya wuce kofi ɗaya da ɗan ɗoriya a zama guda. In ruwan sukari ya cike gurbin, tuwo da miya ba su da wurin shiga. Yaro ya ture abinci, uwa ta tsorata ta ce ba ya ci, sai a sake miƙa masa abin da ba ya ƙi. Haka ake zagayawa har a tsinci kai a layin masu tamowa. Ga haƙoran nono da ke ruɓewa tun ba su gama fitowa ba, musamman in yaro ya saba barci da fida a baki. Ga kuma kuskuren da ke kisa: ba yaro mai gudawa lemo ko maltina wai don ya samu ƙarfi. Yawan sukari yana janyo ruwa zuwa cikin hanji, zawon ya ƙaru. Abin da ake so shi ne ruwan gishiri da sukari na asibiti, wanda aka auna, tare da ƙwayar zinc.

Akwai kuma abin da ba ya bayyana sai bayan shekara hamsin. Ingila ta ci gaba da rabon sukari a ƙayyade bayan Yaƙin Duniya na Biyu har zuwa Satumba 1953. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2024 ya kwatanta waɗanda aka yi cikinsu aka kuma raine su a lokacin ƙarancin da waɗanda aka haifa bayan an saki sukari. 'Yan zamanin ƙaranci sun fi tsira daga ciwon suga da kusan kashi 35, daga hawan jini da kusan kashi 20. Kwanaki dubu na farkon rayuwa ne suka raba su.

To, wa ke ba yaron? Nan ne masu harara ke ɓata lissafi. A gidan Bahaushe ɗa na kowa ne, kuma ba a baki kawai ba. Maigida ya dawo daga kasuwa da magariba, tsarabarsa ita ce madarar roba mai ɗanɗanon lemo ko jus ɗin kwali mai tsinke, domin naira ɗari biyu ko uku ba ta sayen nama amma tana sayen murmushin yaro. Baƙo ya zo, an kawo masa lemo, yaro ya tsaya yana kallo, sai a ce, "Ɗan sam masa mana, kar ransa ya biya." Yayarsa 'yar shekara takwas da ke goya shi ta sayi zoɓo mai ƙanƙara a leda, su sha tare a zaure, ba wanda ya gani. Sai kuma kaka, wadda ita ce gwamnati. Wace amarya ce za ta kalli uwar mijinta ta ce, "Hajiya, kada a ba shi"? In ma ta yi ƙarfin hali ta ce likita ya hana, amsar a shirye take: "Shi uban nasa da na raina, me ya same shi?" In ɗan fari ne abin ya fi tsanani, domin kara ta hana uwa nuna damuwa da shi a gaban manya, wata ko sunansa ba ta faɗa. Yarinyar da al'ada ta koya wa kawar da kai daga ɗanta, ita muke tuhuma da rashin sa ido.

Lokacin yaye ya fi kowane lokaci haɗari. A gidaje da yawa har yau ana kai yaro wurin kakarsa ya yi kwanaki ko makonni har ya manta da nono. Yaro yana kuka dare da rana, tsohuwa tana son ta yi barci, kuma tana son a ce jikanta ya ji daɗin zama da ita. A da kunu da fura ne abin lallashi. Yanzu shago yana ƙofar gida. Yaron da ya tafi yana shan nono sai ya dawo ya san sunan kowane lemo, kuma ya gane cewa in ya ƙara sautin kuka za a kawo.

Abin mamaki, kakannin nan ba baƙin tsoron zaƙi ba ne. Su ne ke hana mai ciki shan rake, su dafa mata saiwoyi masu ɗaci, su ce zaƙi na kawo basir. Abin da ya canza shi ne kayan yanzu ba sa zuwa da kamar alawa. Suna zuwa da hoton saniya, ko na 'ya'yan itace, ko na yaro mai kumatu, an rubuta madara da bitamin da manyan baƙaƙe, sukari kuwa yana can baya da ƙananan rubutu na Turanci. Tsohuwar da za ta hana jikanta minti ita ce za ta ba shi wannan da hannunta, tana ganin gina jiki take yi. Ba za a kira wannan sakaci ba. An sayar mata da ruwan sukari da sunan abinci, ta saya.

Sai matsalar ruwa da zafi. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ko Yamai, zafi ya haura digiri 40, ba wuta, abin sanyi kawai da ke unguwa yana cikin firjin mai shago. Uwar da ta ga abin da kwalara ta yi a 2021, lokacin da ta kashe mutum fiye da 3,500 a Najeriya, akasarinsu a Arewa, tana da dalilin amincewa da abin da ke rufe a kwalba fiye da ruwan 'yan garuwa. Lissafinta bai cika ba, amma ba hauka ba ne. Haɗa da tsadar da ta biyo bayan cire tallafin mai a 2023, har hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 a tsakiyar 2024. Madarar gaske ta fi ƙarfin talaka, sai aka koma shayi da sukari da ɗan farin gari a leda don ya yi kala.

Laifi tudu ne. Ma'aunin da masu binciken 2023 zuwa 2024 suka yi amfani da shi bai tsaya kan lemon kwalba ba. Ya haɗa da jus ko da na 'ya'yan itace zalla ne, da madara mai ɗanɗano, da duk abin sha na gida da aka zuba wa sukari ko zuma: koko, kunun aya, shayi, fura da nono. Da wannan ma'auni, nawa ne cikin masu taɓe baki za su tsira? Ma'aikaciyar da ke sa wa ɗanta jus ɗin kwali biyu a jakar makarantar raino kullum tana kallon mai zoɓon leda a matsayin jahila, alhali sukarin da ke shiga cikin 'ya'yansu bai bambanta sosai ba, kuɗin ne ya bambanta. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce tun 2017 ko jus na gaskiya kada a ba wanda bai shekara ba, kuma ɗan shekara 1 zuwa 3 kada ya wuce kimanin rabin kofi a yini. A Afrilun 2024 ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan da ƙungiyar IBFAN suka bayyana cewa Cerelac da ake sayarwa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, har da Najeriya da Senegal, yana da ƙarin sukari, kusan giram 4 a kowane ci in aka yi matsakaici, alhali irinsa da ake sayarwa a Jamus da Ingila babu. Nestlé, mai yin Cerelac, ta ce tana bin ƙa'idojin duniya da na ƙasashen, hukumar NAFDAC ma ta ce kayan da ta yi wa rajista ba su saɓa doka ba. Wato doka ce ta yarda. Cerelac kuwa abincin masu hali ne, wanda ake ajiye gwangwaninsa a inda baƙi za su gani.

Akwai masu cewa kunya magani ce, in aka daina magana ɓarna za ta zama al'ada, kuma yaron ba shi da bakin kare kansa. Suna da gaskiya rabi. Shiru ba mafita ba ne, kuma wanda ya ga ana ɗura wa jariri ɗan wata huɗu lemo bai kamata ya wuce ba. Amma nasiha a gaban jama'a tozarci ce, malamanmu sun daɗe da faɗa, kuma wadda aka tozarta ɓoyewa take koya. In ma'aikaciyar jinya ta daka mata tsawa ranar rigakafi, wata mai zuwa za ta ce ruwa da nono kawai yake sha, ko ma ta ƙi zuwa. Wasu kuma suna cewa a ƙasar da yunwa ke kashe yara, maganar sukari ta ƙosassu ce. Waɗannan ban ba su ko rabi ba. Kuɗin kwalba ɗaya yana sayen ƙwai, ko ƙuli-ƙuli da za a daka a kunu, ko awara. Talaka ne ya fi kowa asara in aka kashe kuɗin a ruwan zaƙi.

Inda ya kamata a yi zafi, can ne muke sanyi. Dokar kuɗi ta 2021 ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemo, aka fara karɓa a 2022. Naira biyar ke nan a robar rabin lita, kuɗin da yanzu ko ashana ba ya saye. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ganin sai haraji ya ɗaga farashi da kashi 20 kafin a ga tasiri, ƙungiyar CAPPA kuma ta nemi a kai shi naira 130. Ni haraji bai dame ni kamar lakabi ba, domin haraji ba ya taɓa zoɓo da kunun gida, kuma talaka yake fara cizo. Ƙasar Chile tun 2016 take tilasta manna baƙin tambari a gaban duk abin da sukarinsa ya yi yawa, ta kuma hana sa hotunan zane na jan hankalin yara a jikinsa. Tambari irin wannan ko wadda ba ta yi boko ba za ta gane shi daga nesa. Wannan aikin NAFDAC ne da majalisa, kuma ba ya bukatar gina asibiti ko ɗaya.

Sauran aikin na cikin gida ne, kuma an daɗe ana aika saƙon ga wadda ba ta da iko. Bayanin ciyar da yara a wurin awo da rigakafi ake yinsa, inda mata zalla ke zaune. Mai sayen tsaraba yana majalisa, mai yanke hukunci tana ɗakinta da carbi. A kai maganar masallacin Juma'a da islamiyyar matan aure da shirye-shiryen rediyon da tsofaffi ke saurare. Kai kuma maigida, maganar da matarka ba za ta iya faɗa wa mahaifiyarka ba, kai kana iya faɗa cikin ladabi: "Hajiya, likita ya ce a dakata masa da zaƙi sai ya shekara biyu." In za ka shigo gida da magariba, ka sayo ayaba ko dafaffen ƙwai.